Wa Zai Biya Mai Kula da Tsohon Manomi?

Kaka ta yi, an shigar da amfanin gona, ƙungiyoyinmu na gama kai kuma za su zauna su yi lissafin shekara. Za a yi maganar taki, da iri, da bashin da ba a biya ba, da gyaran rumbun ƙungiya. Muna roƙo a ƙara magana ɗaya a kan waɗannan, watau maganar tsofaffinmu da mutanen da ke ɗawainiya da su.

Kowa ya duba unguwarsu. Da wuya a rasa gidan da akwai tsoho ko tsohuwa da ba ta iya tashi da kanta. Wani ɓarin jikinsa ya shanye, wata idonta ya tafi, wani kuma gigin tsufa ya kama shi har ba ya gane 'ya'yansa. Sa'an nan a tambaya, wa ke dafa masa kunu da safe? Wa ke yi masa wanka, ya wanke tsummokinsa, ya fitar da kaskon fitsari, ya tashi da tsakar dare in ya kira? Kusan kullum mace ce. Ko matar ɗansa, ko 'yarsa da mijinta ya rasu ta dawo gida, ko kuwa jikarsa 'yar shekara 12 da aka cire daga makaranta. Abin da take samu kuwa shi ne "sannu da ƙoƙari". Sannu tana da daɗi, amma ba ta sayen sabulu.

Akwai wata ƙasa mai nisa da ta zauna ta yi wannan lissafi a fili, ta kashe kuɗi mai yawa a kansa. Bari mu ba ku labarinta tukuna, sa'an nan mu dawo gida.

Abin da ya faru a Ostareliya

Ostareliya ƙasa ce mai arziki, mai mutane wajen miliyan 27, kuma kusan mutum ɗaya cikin 6 ya kai shekara 65. A can tsofaffi da yawa suna ƙarasa kwanakinsu a gidajen da aka gina domin kula da su, waɗansu kuma ana aika musu ma'aikata har gida. Gwamnati ce ke biyan mafi yawan kuɗin. Da yawa daga cikin gidajen nan na ikkilisiyoyi ne, kamar Angalikan, da Katolika, da Baptis. Saboda haka maganar ta shafi masu bi kai tsaye.

A shekarar 2018, bayan koke-koke sun yi yawa, gwamnatin Scott Morrison ta kafa babbar hukumar bincike a kan yadda ake riƙon tsofaffi. Rahotonta na farko ya fito a watan Oktoba 2019, sunan da aka ba shi kuwa kalma ɗaya ce, ma'anarta "sakaci". An sami tsofaffi da ba su cin abinci mai kyau, da masu gyambon da ba a kula da shi ba, da waɗanda ake ɗura wa maganin barci domin kada su dami ma'aikata. An kuma gane cewa a shekara ɗaya, daga tsakiyar 2017 zuwa tsakiyar 2018, mutane fiye da 16,000 sun mutu suna jiran taimakon gida da aka riga aka yarda sun cancanta. Rahoton ƙarshe ya fito a watan Maris 2021 da shawarwari 148.

Da aka bi sawun ɓarnar, sai aka tarar wani babban sashenta yana wajen ma'aikata. Ba su da yawa, horonsu bai isa ba, albashinsu kuma ƙanƙane ne, har waɗansu suna barin aikin su nemi wani. Wanda ya rage sai aikin mutum biyu ya hau kansa. Fiye da 8 cikin 10 na ma'aikatan nan mata ne.

A watan Nuwamba 2020 ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta kai ƙara gaban hukumar da ke yanke albashi a ƙasar, tana neman ƙarin kashi 25 cikin 100. Hukumar ta saurari shaidu da yawa. A watan Nuwamba 2022 ta ba da ƙarin kashi 15 cikin 100 ga masu taɓa jikin tsofaffi da hannunsu, aka fara biya ranar 30 ga Yuni 2023. A watan Maris 2024 ta sake zama ta ƙara, har jimlar ƙarin waɗansu ta kai kashi 28.5 cikin 100, masu wanki da shara da hidimar abinci su ma suka sami kusan kashi 7. An biya wannan kashi-kashi cikin 2025.

Dalilin da hukumar ta bayar shi ne ya fi jan hankalinmu. Ta ce an daɗe ana raina darajar wannan aiki domin ana ganinsa aikin mata ne. Iya lallashin tsohon da ya ruɗe, da gane cewa yau jikinsa ba kamar jiya ba, da yi masa wanka ba tare da an ci mutuncinsa ba, duk an ɗauke su halin mace ne kawai da aka haife ta da shi, saboda haka ba a sa musu kuɗi ba. Hukumar ta ce gwaninta ce, dole a biya ta.

To, yanke albashi abu ɗaya ne, samun kuɗin biya kuma wani abu ne dabam. Gwamnatin Anthony Albanese ta ware dalar Ostareliya biliyan 11.3 na shekara 4 a kasafin Mayu 2023 domin ƙarin farko, wanda ya shafi ma'aikata fiye da 250,000. Daga baya ta ƙara biliyan 3.8 domin na biyun. Ta kuma bukaci masu gidajen su nuna a rubuce cewa kuɗin ya kai hannun ma'aikata.

Sai maganar taimako a gida. Yawancin tsofaffi, can da nan, sun fi so su zauna a ɗakinsu har ranar da Ubangiji zai kira su. Majalisar ƙasar ta yi sabuwar dokar kula da tsofaffi a watan Nuwamba 2024, ta fara aiki ranar 1 ga Nuwamba 2025 tare da sabon shirin taimako a gida. A shirin an raba bukata hawa 8, mai bukata mafi nauyi aka ware masa wajen dala 78,000 a shekara. Jinya irin ta nas gwamnati ce ke biya duka. Sauran hidima, kamar shara da gyaran tsakar gida, tsoho yana sa nasa hannu gwargwadon ƙarfinsa. Ba a ce komai ya gyaru ba. A farkon 2025 mutane fiye da 80,000 suna kan layin jira, kuma da aka fara shirin mutane sun yi ƙorafi ƙwarai domin an sa wanka cikin abubuwan da tsoho zai taimaka wajen biya.

Abin da muka koya

Ba mu kawo labarin nan domin mu ce a gina gidajen tsofaffi a ƙauyukanmu ba. Ba mu da kuɗinsu, ba ma kuwa sha'awar raba kaka da jikokinta. Amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Abu uku muka gani.

Na ɗaya, idan aka wulakanta mai kula, tsoho ne ke shan wahalar. Matar da ta yi noma, ta ɗebo ruwa, ta yi surfe, ta dafa tuwo, ta yi renon yara, ba za ta iya juya surukinta a kan tabarma kowace awa biyu ba, ko da tana ƙaunarsa kamar ubanta. In ba a juya shi ba kuwa, gyambo zai fito masa a kwankwaso da baya, gyambon nan kuma yana kashewa.

Na biyu, alkawarin biya ba tare da sanin inda kuɗi zai fito ba, iska ne. Su can sun haɗa ƙarin albashi da kasafi. Mu ma in za mu ce a biya, sai mu nuna buhun da za a buɗe.

Na uku, jinkiri yana cin rai. Mutum 16,000 nan an rubuta sunayensu, an yarda za a taimake su, mutuwa ta riga taimako isowa. Tsoho ba shi da damina da yawa a gaba da zai jira kwamiti ya gama shawara.

Yadda muke a gida

A da, gandu ne ke riƙe tsoho. 'Ya'ya da jikoki suna noma gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya, hannuwa suna da yawa. Yau gandu ya watse a wurare da dama. Samari sun tafi Jos, da Kaduna, da Abuja, da Legas, waɗansu suna acaba, waɗansu suna ramin haƙar ma'adinai. A waɗansu yankunanmu tashin hankali ya kori mutane daga gonakinsu, aka bar tsofaffi a hannun wanda ya samu. Kuɗin da ɗa ke aikowa ta waya yana da amfani, amma kuɗi ba ya ɗaga mutum ya kai shi bayan gida.

Manomi kuma ba shi da fansho. Dokar fansho ta 2004 an yi ta ne domin masu albashi. An buɗe wani ƙaramin shirin fansho na masu sana'ar kansu a 2019, amma ku tambaya a taron ƙungiyarku ku ji mutum nawa suka shiga. A watan Janairu 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Tsofaffi ta Ƙasa, cibiyar ta fara aiki a 2021. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta yi tanadin asusu domin marasa ƙarfi, har da tsofaffi. A watan Yuli 2024 aka mai da mafi ƙanƙantar albashi naira 70,000 a wata. Waɗannan duka matakai ne masu kyau, muna kuwa da hakkin tambayar kansila da shugaban ƙaramar hukuma inda rabonmu ya tsaya. Amma babu ko ɗaya cikinsu da ya sa kwabo a hannun matar da ke wanke surukuwarta a ƙauye.

Akwai kuma abin da ba mu son faɗa. Tsohuwar da gigin tsufa ya kama takan fita da dare tana surutai, takan kira sunayen matattu, takan ce ta yi abin da ba ta yi ba. Wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Amma inda babu mai sani, babu kuma mai tsaronta, sai a ce mayya ce. An kori waɗansu, an doki waɗansu. Mai kula da aka koya wa aikin zai iya tsayawa ya ce wa unguwa, "Uwarmu ba ta da lafiya ne."

Ikkilisiya ta taɓa yin wannan

Kada wani ya ce wannan sabon abu ne na Turawa. A sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni, da aka yi gunaguni cewa ana tsallake waɗansu gwauraye wajen rabon abinci na kullum, manzanni ba su tsaya ga wa'azin ƙauna kaɗai ba. Sun sa aka zaɓi mutum 7 masu kyakkyawar shaida, har da Istifanas, aka danƙa musu aikin. Watau an yi tsari, an san wanda za a tambaya. A sura ta 5 ta wasiƙar fari zuwa ga Timoti, Bulus ya ɗora nauyin farko a kan 'ya'ya da jikoki, ya bar wa ikkilisiya waɗanda ba su da kowa, har ya yi maganar rubuta sunayensu. Yaƙub kuma, a sura ta 5 ta wasiƙarsa, ya yi kashedi mai zafi ga masu gona da ke danne hakkin waɗanda suka yi musu girbi. Mu manoma mun san wannan. Ba ma barin ɗan ƙodago ya kwana ba a biya shi ba. To, don me wanda ya yi mana banƙasa yini ɗaya zai karɓi hakkinsa, wadda ta yi jinyar ubanmu shekara 3 kuwa ta tashi hannu wofi?

Shawararmu ga ƙungiyoyi

Ga abin da muke ganin kowace ƙungiya za ta iya farawa da shi a wannan kaka.

1. A rubuta sunaye. Dattawan ikkilisiya da shugabannin Zumuntar Mata su zaga gida gida, su rubuta tsofaffin da ba su iya yi wa kansu wanka ko abinci, da sunan mai kula da kowannensu. A raba su kashi uku: mai bukatar a leƙa shi kawai, mai bukatar taimako kowace rana, da wanda ke kwance. Kada a tsallake maƙwabcin da ba ya zuwa sujada tare da mu. Tsufa bai san ɗarika ko addini ba.

2. A kafa rumbun tsofaffi. Ga misali. A ce ƙungiya tana da mutum 40, kowane mutum 4 suka haɗa buhu ɗaya na masara ko dawa. An sami buhu 10 ke nan. A ware 4 domin abincin tsofaffin da ba su da kowa, 4 domin biyan masu kula, 2 kuma a ajiye sai tsakiyar damina lokacin da hatsi ya yi tsada, a sayar a sayi sabulu, da man shafawa, da leda ta shimfiɗa, da maganin hawan jini da malamin asibiti ya rubuta. Ƙungiyar da ke da fili za ta iya yin gayya ta noma gona guda domin wannan rumbu.

3. A yanka hakki a fili. Taron ƙungiya ya yanke mudu nawa mai kula zai karɓa a wata bisa ga nauyin aikinsa, a rubuta a littafi, a biya ranar da aka sa. A ba ita mai aikin a hannunta, kada a bi ta hannun maigida. A sake duba adadin kowace kaka, gama abin da mudu ke saya bana ba shi zai saya baɗi ba.

4. A nemi horo. A roƙi nas ko malamin asibitin da ke kusa ya ba da yini ɗaya ko biyu, ya koya wa mata da maza yadda ake ɗaga mara lafiya ba a karya baya ba, yadda ake juya shi, yadda ake ba shi kunu a zaune domin kada ya shaƙe, da alamun da ke nuna a kai shi asibiti maza.

5. A ba mai kula hutu. Ko yini ɗaya a mako wani ya karɓe ta, ta je kasuwa, ta je sujada, ta yi barci. Matasa maza su ɗauki wankan tsofaffi maza, da ɗebo ruwa, da faskare.

6. Kada a cire yarinya daga makaranta domin jinya. Inda aka ga haka za ta faru, wannan gida ne ya kamata rumbu ya fara taimaka wa.

7. 'Ya'yan da ke birni su biya. Sakataren ƙungiya ya rubuta musu, ya faɗa musu abin da ake kashewa a kan mahaifinsu kowane wata. Mai hali ya biya duka, mara hali ya kawo abin da ya iya. Rumbu na wanda ba shi da kowa ne da fari.

Masu cewa a'a

Mun san za a yi gardama, gardamar kuwa tana da kan gado. Wani zai ce, in aka fara biyan matar ɗa domin ta kula da surukinta, an kashe zumunci, gobe ba mai ba tsoho ruwa sai an nuna masa kuɗi. Wannan tsoro ne na gaske, shi ya sa muka ce hakkin ya tsaya ga aiki mai nauyi na kowace rana, wanda ke hana mutum zuwa gonarsa ko sana'arsa. Gaisuwa, da kai tuwo, da zama hira, suna nan kyauta yadda muka gada. Amma mu tuna muna ba fasto da mai bishara albashi, ba mu kuwa taɓa cewa albashin ya kashe ƙaunarsu ga aikin Ubangiji ba. Abin da ya fi kashe zumunci shi ne gajiya da ba mai gani, wadda ke juyewa ta zama tsawa da zagi a kan tsoho.

Wani zai ce ba mu da shi, taki ya yi tsada, bashi yana kanmu. Gaskiya ne. Amma ana biyan kuɗin nan tun yanzu, sai dai mutum ɗaya ke biya. Matar da ta bar gonar gyaɗarta ta biya. Yarinyar da ta bar aji ta biya da dukan rayuwarta. Abin da muke nema shi ne a raba kayan, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wani kuma zai ce aikin gwamnati ne. I, akwai rabonta, kada mu gaji da tambaya. Amma ko a Ostareliya gwamnati ba ta motsa ba sai da iyalai suka yi kuka, ma'aikata suka haɗa kai suka kai ƙara, aka kawo shaida. Ƙungiyar da ta je ƙaramar hukuma da littafi a hannu, ga sunaye, ga abin da ta riga ta yi da ƙarfinta, za a fi saurarenta fiye da wadda ta je da baki kawai.

Kafin mu rufe

Gonakin da muke nomawa yau, waɗannan tsofaffi ne suka sare su. Su suka ɗauki jinka da laka a kai suka gina majami'un da muke sujada a ciki, waɗansunsu kuma su suka kafa ƙungiyoyin nan da muke taƙama da su. Mu kuma da ke riƙe da garma yau, in Ubangiji ya ja kwana, tabarmar nan tana jiranmu. Tsarin da muka kafa bana, shi za a yi mana aiki da shi.

Saboda haka muna roƙon kowane shugaban ƙungiya ya karanta wannan a taro na gaba, ya ba mata dama su yi magana da fari, gama su suka san nauyin. Ƙungiyar da ta gwada, ta rubuto mana abin da ya yi kyau da abin da ya gagara, domin sauran su koya. Allah ya ba mu ikon yi, ya sa albarka a rumbunanmu. Amin.